Telan da Ya Ɗinka wa Gero Hula

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Sale Tela ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsakiyar lakca. Waya ta yi ta ruri a jaka har sau uku, ina cewa a raina wane ne wannan marar haƙuri. Da na fito na duba sai na ga Malam Sabi'u ne, babban ɗansa. Ina ɗauka ya ce, "Dakta, sai haƙuri. Baba ya cika bayan sallar asuba."

Ban san na zauna a kan matakala ba, sai da wata ɗalibata ta zo tana tattara min takardun da suka zube.

Na san yawancinku ba ku san shi ba. Ba ya wannan dandali, wayarsa ma irin mai tocilan ce, kuma rabin lokaci tana cikin aljihun rigar da ya cire. Amma duk wanda ya bi ta sashenmu na aikin gona a shekarun nan, ya ci geron Baba Sale, ko ya sa rigar da ya ɗinka, ko ya sha inuwar zaurensa. Ku yi min haƙuri yau, rubutun zai yi tsawo. Ban iya kuka a gaban mutane ba, nan kaɗai nake da shi.

Tela ne kuma manomi, a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci. Keken ɗinkinsa na cikin zaure, gonarsa na bayan gida. Shi ke nan abin da ya mallaka.

Na fara zuwa ƙauyen ne lokacin ina digirin dakta. Aikina a kan gero ne, ina neman irin da zai jure wa wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar gero tana tsotse shi, har manomi ya tashi a tutar babu. Wata gidauniya ta ƙasar waje ce ta ɗauki nauyin binciken. Su suka saya mana kayan lab, suka gyara ɗakin sanyi inda muke ajiye iri, suka kama mana hayar gona a ƙauyen. Har gobe ina gode musu, ba zan ci amanar gaskiya ba. Ba don su ba da ban ma fara ba.

Gonar hayar tana iyaka da ta Baba Sale.

Ranar farko da takalmi mai tsini na je. Ni 'yar cikin birnin Kano, wadda gero sai a kwano take ganinsa. Na taka kunya ɗaya, takalmin ya nutse, na fito da ƙafa ɗaya ba komai. Wani dattijo da ke jingine da fartanya ya dube ni ya ce, "Sannu Malama. Shi ma shuka shi za ki yi?"

Haushi ya kama ni, wallahi. Na ce a raina wannan tsohon zai yi sa ido.

Kuma ya yi. Shekara uku yana tsokanata.

Bari in yi muku bayanin abin tsokanar, don a kansa komai ya rataya. Gero ba ya tsare zuri'arsa. In ya fitar da kai ya yi bununi, garin nan mai laushi da ke tashi daga zangarniya, iska ce ke ɗaukarsa ta kai gonar maƙoci, ta kuma kawo na maƙoci. A wancan yankin kuwa gona jingine take da gona, babu dajin da zai raba ku, in ka yi atishawa a taka mai ta kusa zai amsa maka. To mai zaɓen iri dole ya rufe kan geronsa kafin bununi ya fito, in ba haka ba aikin shekaru ya gauraye a yini guda. Mu da wata jakar takarda ta musamman muke rufewa, daga waje ake kawo ta.

Baba Sale na ganin mun bi gero muna cusa masa farar jaka, sai ya kira matarsa ta kan danga. "Hajara, fito ki ga ikon Allah! 'Yan boko sun sa wa gero hula!"

Tun daga ranar sunana ya koma Malama Mai Hula.

A shekara ta huɗu imel ya zo. Gidauniyar ta sauya alƙibla, ta koma wani fannin. Sun rubuta shi cikin ladabi, har da fatan alheri.

Abubuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Aka daina sayen man janareta, wutar lantarki kuwa kun san halinta, ɗakin sanyi ya koma ɗakin zafi. Mai gona ya karɓi gonarsa, kuma ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Jakunkunan takarda suka ƙare. Abin da ya rage a hannuna iri ne da bai wuce cikin tafi biyu ba, zaɓin damina uku. Farfesan da ke duba aikina ya ce, "Rabi, in ba ki shuka shi bana ba, baɗi da wuya ya tsira a wannan zafin. In kuma kika shuka shi ba rufi, ya gauraye. Ki yi tunani."

Tunanin me? Ba gona, ba jaka.

Sai na hau motar Ɗanbatta, daga can na hau babur, na je in tumɓuke turakuna masu lamba daga gonar mutane. Lokacin ana ta kai taki, ruwa bai sauka ba. Ina tumɓukewa ina share hanci da gefen mayafi.

Sai na ji murya a bayana. "Malama Mai Hula, yau kuma turakun ne suka yi laifi?"

Na so in yi masa shiru. Amma ka san in ciki ya cika, ko kututture ka samu sai ka faɗa masa. Na zayyane masa komai.

Bai ce Allah sarki ba. Cewa ya yi, "Akwai sauran hular ko ɗaya?"

Akwai wata yagaggiya a jakata, na miƙa masa. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya bi gefenta da babban yatsa yadda tela ke bin ɗinki. Sannan ya ɗago. "Wannan ce ta gagari jami'a guda?"

Na ce, "Baba, daga ƙasar waje fa ake kawo ta."

Ya ce, "Hular ce daga waje. Kan geron ai ɗan nan ne, na san awonsa."

Ya ce in biyo shi. Ya kai ni bayan gidansa, ya nuna min wani yanki na gonarsa. "Nan wuta-wuta ta fi cin zalina. Shekara da shekaru ina shuka tana girbewa. In maganinta kike nema, ga gidanta na kawo ki."

Na ce, "Baba, ba mu da abin biya."

Ya harare ni. "Na ce miki kasuwa muke?"

Ranar kasuwar Ɗanbatta ya sayo ƙyallaye kala uku, ya kira ni. Ni kuma da rawar kan boko na ɗaga su a rana na ce duk ba za su yi ba, bununi zai ratsa, sai an kai lab an gwada. Ya ce, "Wane lab? Wanda ba wuta?"

Ya aika cikin gida Inna Hajara ta kawo garin gero mai laushi da baƙin faranti. Ya ƙulle garin a ƙyalle na farko ya buga a kan farantin, gari ya zubo. Na biyu ma haka. Na uku ya buga, ya sake bugawa, faranti na nan baƙi ƙirin. Ya kara ƙyallen a bakinsa ya busa, ya ce in sa hannu ta baya. Na ji iska.

"Iska ta wuce, gari bai wuce ba. Ba abin da kike nema ke nan ba?"

Shi ne kuwa. Daga baya na sake gwajin da kayan aiki a lab ɗin wasu, sakamakon bai saɓa wa farantin Inna ba.

Na tambaye shi wane yadi ne. Ya ce alawayyo ne, farin nan mai ƙarfi. Sai Inna ta ce, "Ai shi yake yi wa mutanen garin nan likkafani da shi." Ashe duk wanda ya rasu a ƙauyen Baba Sale ke ɗinka masa, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Na ce, "Haba Baba, yadin likkafani a kan gero?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Malama, yadi bai san inda za shi ba. Mu ne muka sani, mu ɗin ma ba sosai ba."

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Gero na tashi, keke na kuka a zaure. Kowace hula da zarenta na ɗaurewa a baki, ya ce kada iskar hadari ta tafi da ita. Wannan dabarar tasa ce, ta takarda ba ta da shi.

Ranar da muka gama sa wa gero huluna, gari ya ɗauka. Mata masu zuwa rijiya suka sauya hanya. Wata tsohuwa ta rantse ta ga hulunan suna ruku'u. Har Liman ya tako da kansa ya ce, "Sale, mutane fa suna magana."

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, asali muke tsare masa. Ɗan gidan mutunci ne, ba ma so ya haɗa zuri'a da wanda ba mu san gidansu ba."

Liman ya murmusa ya ce in haka ne ai sunna ce, ya yi mana addu'a ya tafi.

Da kaka na kwance hular farko. Zangarniya ta cika taf, tsaba reras. Na durƙusa a cikin kunya na yi ta kuka kamar wata yarinya. Baba na tsaye a kaina yana cewa, "To fa! An rasa an yi kuka, an samu an yi kuka. Ku 'yan birni sai Allah."

Da wannan irin na kare kundina. Da jikokin wannan irin ɗalibai da yawa suka yi nasu bayana.

Kuma abin bai tsaya a gona ba.

Da noma ya zo ba mu da abin ɗaukar 'yan ƙwadago, sai ya ce a kira gayya. Na ce gayya a binciken jami'a? Ya ce, "Jami'ar ba ciki gare ta ba?" Na cika bas da ɗalibai, shi ya tara samarin gari, Inna da maƙwabtanta suka tuƙa tuwo da miyar kuka, aka dama fura. Ɗalibaina da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka yi kanta a hannu, samarin gari na yi musu dariya. Da azahar kuma aka juya, samarin na layi suna leƙa saiwar wuta-wuta a madubin ƙara girman abu da muka zo da shi, ɗalibai na yi musu bayani. Tun daga shekarar ba a fasa ba.

A wurin gayyar ne ya lura da wani ɗalibi ya ci tuwo malmala huɗu bai ɗago kai ba. Bai ce masa komai ba. Ni ya ja gefe. "Malama, yaran nan suna cin abinci kuwa a makarantar taku?"

Na ce, "Baba, wasu sau ɗaya a yini. Su da kansu suna kiran abin sifili-ɗaya-sifili."

Ya ce, "Kuma a haka ake so kai ya ɗauki karatu."

Kakar shekarar sai ga a-kori-kura a ƙofar sashenmu da buhunan gero. Ba nasa kaɗai ba. Ashe gida-gida ya bi, wannan ya ba da dami, wancan kwano biyu, ya ce musu na yaran da suka yi muku noma ne. Da shi ɗalibai suke dama kunu da azumi, da shi ake rufa wa waɗanda abin ya yi wa tsanani asiri lokacin jarrabawa. Akwai wata a cikinku, ba zan kama suna ba, da ta riga ta haɗa kayanta za ta koma gida. Yau tana koyarwa a wata kwaleji. Ta san kanta, kuma na san tana karanta wannan.

Sai rigar lab.

Wayyo, rigar lab!

Na taɓa yi masa ƙorafin cewa wasu ɗalibai ba sa shiga lab saboda ba su da farar riga, doka kuma ta hana shiga ba ita. Ya ce in kwatanta masa. Na ce fara ce, doguwa zuwa gwiwa, mai dogon hannu. Ban ce masa a buɗe take ta gaba ba, na ɗauka kowa ya sani.

Bayan mako biyu ya aiko da ƙunshi. Muka buɗe a ofis, sai ga kaftani! Farare sol, da aljihun gefe, har da ɗan aiki a wuya. Farfesa ya yi dariya har sai da ya cire tabarau yana share hawaye.

Na kira shi na ce, "Baba, ai ta gaba ake tsaga ta, a sa maɓalli."

Ya ce, "Riga a tsage ta gaba? Haka masu ilimin suke yawo?"

Aka mayar, ya tsaga, ya sa maɓalli. Amma aljihun gefe ya ce ba zai cire ba, ina yaro zai sa goronsa. Har yau in ka shiga lab ɗinmu ka ga riga mai aljihun gefe, ta Baba Sale ce. Ɗalibi in ya gama sai ya wanke ya bar wa na baya. Yaran da ke da kuɗin sayen sabuwa ma ita suke nema.

Shekarar da jami'a ta shirya taron karrama masu tallafa mata, na dage sai an sa sunansa. Aka sa. Ya zo a motar haya da babbar rigarsa ta Idi. A bakin zauren taro wata yarinya mai rajista ta tambaye shi, "Baba, wace ƙungiya kake wakilta?"

Ya ce, "Ni da kekena."

Ya zauna can baya. Aka kira masu kamfanoni, aka kira wakilan gidauniyoyi, wanda ya gina ɗakin karatu, wanda ya ba da motoci, wadda ta ɗauki nauyin karatun marayu. Ya tafa wa kowa da gaske, har yana cewa na kusa da shi, "Allah ya ƙara musu, wannan ai aikin manya ne." Da aka zo kansa aka ce za a rubuta sunansa a allon bango tare da nasu, sai ya miƙe ya ce a yi masa rai.

"Ni ba tallafi na yi ba, gayya na shigo. Wanda ya zo gayya kuwa ba a rubuta sunansa a bango. Tuwo ake ba shi, ya ci ya tafi."

Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Shi kuwa da gaske yake. Da aka tashi ya tambaye ni ina tuwon. Na kai shi aka zuba masa soyayyar shinkafa, ya ci, ya ce ba laifi amma ba ta kai dambun Hajara ba.

Sunansa ba ya bangon har yau.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haɗiye ko ruwa tun safe.

Bana Allah ya kawo mana sabon tallafi. Babba. Ɗakin sanyi ya tashi da sola, an sayi mota, kuma a cikin kayan da suka iso har da katan-katan na jakar takarda, irin ta da. Irin namu saura damina ɗaya ko biyu a kai shi gaban masu tantancewa, in ya wuce a raba wa manoma. A takarda lamba ce sunansa. A ƙauye kuwa tuni suka raɗa masa Ɗan Hula.

Bayan noman farko na je duba gona, na ɗauki katan ɗaya don in nuna masa. Murna nake, wallahi murna nake. Idonsa ya yi rauni shekara biyun nan, Inna ce ke zura masa zare a allura, kuma na sha ganin yana tsayawa yana danna bayansa. Na daɗe ina jin nauyin wahalar da muke ba shi.

Na dire katan a zaure na ce, "Baba, albishirinka! Bana ka huta. Hular waje ta dawo."

Ya zaro ɗaya. Ya bi gefenta da yatsa kamar wancan karon. Ya ce, "Ba ma ɗinki, manne ta aka yi."

Ya mayar cikin katan, ya gyara mata zama. Sannan ya ce, "To Malama. An sallami tela ke nan."

Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Na yi dariya, jama'a. Shekarun nan duk na zauna da mutumin nan, na san tsokanarsa, na san wadda ba tsokana ba, amma ranar kunnena ya toshe. Direba na ta danna hon a waje, ina da mitin da masu tallafin da yamma. Ya ce in tsaya Inna na dama fura. Na ce sai na dawo.

Kowace shekara in gero ya kusa yin ciki nakan kira shi in ce Baba a fara. Yakan ce, "Ke kika makara, ni na yi nisa." Bana ban kira ba. Me zan ce a fara?

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau ko da na isa an riga an kai shi. Maza na zaune a ƙofar gida kan tabarmi, na yi musu gaisuwa na shige ciki. Inna Hajara na ganina ta ce, "'Yar nan, kin zo?" Na faɗa jikinta. Ita ce ma take ba ni haƙuri.

Da mutane suka ɗan ragu ta kama hannuna ta ce in zo. Ta kai ni zaure ta ƙofar ciki. Keken na nan an rufe shi da tsohon zane. A gefensa akwai buhu an ɗaure bakinsa.

Ta ce, "Naki ne. Buɗe."

Huluna ne. Farare, a jere, ɗauri-ɗauri, kowace da zarenta.

Na ce, "Inna, ai na ce masa ya huta."

Ta ce, "Kin faɗa. Kasuwar da ta biyo bayan zuwanki ya tafi Ɗanbatta ya sayo bandir guda, yadda ya saba. Sabi'u ya ce masa, Baba, Dakta fa ta ce an samu na waje. Ya ce, ita ta san takarda, ni na san ruwan Agusta. In takardar ta jiƙe ta yage gero na tsaka da bununi, wa Malama za ta nufa? A bari dai su zauna, ko ba a nema ba."

Ta ce kullum da hantsi, in haske ya shigo zaure sosai, sai ya kira ta ta zura masa zare. Ya yi kaɗan ya huta. Da ƙafarsa ta fara kumbura ta hana shi, ya ce saura ƙiris. Shekaranjiya ya ɗaure bakin buhun.

Na tambaye ta ko ya yi fushi da ni. Dole na tambaya.

Ta ce, "Fushi? Cewa ya yi kada a gaya miki, kada ki ji kunya."

Sai ta kalli keken. Ta ce, "Da safe da aka tashi neman likkafani, aka rasa inda za a nufa, don shi ne mai yi wa kowa. Sai Sabi'u ya tuna da ragowar bandir ɗin. Aka auna." Ta share ido da bakin zane. "Ya ishe shi cif, 'yar nan. Ko taƙi bai ragu ba."

Na tuna ranar farantin. Yadi bai san inda za shi ba.

Na zaro hula ɗaya na fita ta bayan gida. Gero ya yi ciki, kore shar, wuta-wuta na tsaye a gindinsa ta rasa yadda za ta yi da shi. A kunya ta uku na sami wanda ya fara leƙo da kai. Na sa masa, na ɗaure zaren yadda ya koya min, ɗauri biyu ba a matse ba.

Malam Sabi'u ya same ni a nan. Ya ce gonar tana nan yadda Baba ya bar mana, sun yi magana da ƙannensa tun a maƙabarta, har sai Ɗan Hula ya shiga hannun manoma.

Katan-katan ɗin takarda za su zauna a sito bana. Masu tallafinmu mutanen kirki ne, zan rubuta musu dalili, na san za su gane.

Geron ba zai jira mu gama kuka ba, cikin kwanakin nan zai fito gaba ɗaya. Don haka duk wanda ya taɓa sa riga mai aljihun gefe, duk wanda ya sha kunun nan da azumi, ina kiran gayya ranar Asabar. Bas zai tashi daga ƙofar sashe da sassafe. Za mu yi wa Inna gaisuwa, mu shiga gona mu sa wa gero hulunan Baba. Kada wanda ya zo min da takalmi mai tsini.

Ya Allah, ga bawanka Sale ya zo maka. Ya suturta matattunmu, ya ciyar da 'ya'yan da ba nasa ba, bai nemi a rubuta sunansa ko'ina ba. Ka rubuta shi a wurinka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk ƙwayar da za ta fito daga irin nan, duk cikin da za ta cika, ka kai ladan gare shi. Ka ba Inna Hajara da Malam Sabi'u da sauran iyali haƙurin rashinsa. Ni kuma ka yafe min dariyar nan.

Don Allah, duk wanda ya karanta har nan, ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ka wuce. Sunansa Sale. Tela ne.